Gyaran Iska da Ɓarnar Ruwa: Sharhi a Kan Dokar Ƙara wa Man Fetur Oksijin a Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani sashe na dokar da Majalisar Dokokin Amurka ta zartar a shekarar 1990, wanda ya tilasta wa kamfanonin mai su riƙa zuba wa man fetur sinadarai masu ɗauke da oksijin kafin a sayar da shi a wasu manyan biranen ƙasar. An yi dokar da kyakkyawar niyya, watau don a rage gubar hayaƙin mota da jama'a ke shaƙa. Amma ba a cika shekara goma ba sai ga garuruwa suna rufe rijiyoyinsu na ruwan sha, domin sinadarin da aka kawo don gyaran iska ya tsiyaya cikin ƙasa ya gurɓata ruwa. A shekarar 2005 Majalisar da ta kafa sharaɗin ta soke shi da hannunta.

Ra'ayin da za mu kare a nan shi ne, tushen wannan ɓarna yana cikin tsarin dokar kanta. Waɗanda suka tsara ta sun tsaya a bakin salansar mota suna auna hayaƙi, ba su bi sawun man ba tun daga matata, zuwa tanka, zuwa tankin da ke binne a gidan mai. Za mu fara da bayanin sinadaran da abin da dokar ta tanada, sa'an nan mu kawo kurakuran da muka gani, mu saurari hanzarin masu kare ta, daga bisani mu duba inda zancen ya shafe mu a Nijeriya.

2.0 Sinadaran da Aikinsu

Tun shekarar 1923 aka fara sayar da fetur mai gauraye da dalma a Amurka, saboda dalma na ɗaga abin da masana ke kira oktan, watau ƙarfin da mai ke da shi na jure matsi a cikin inji ba tare da ya kama da wuta kafin lokacinsa ba. Da ta tabbata cewa dalma na illata ƙwaƙwalwar yara, sai aka shiga rage ta a shekarun 1970, aka hana ta a man motoci a Amurka a 1996. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan mai, a 2021. To, cire dalma ya bar giɓi, kuma a neman abin da zai cike giɓin ne aka fara zuba wani sinadari mai suna MTBE a fetur ɗin Amurka a 1979, amma kaɗan-kaɗan.

Ana haɗa MTBE ne daga metanol da wani sinadari da matatun mai ke samu a cikin aikinsu na kullum. Yana da araha, yana gauraya da fetur sarai, ana kuma iya tura man da ke ɗauke da shi ta bututu. Abokin takararsa shi ne itanol, wanda a Amurka daga masara ake yin sa. Shi itanol yana jan ruwa, don haka ba a tura man da aka gauraya da shi ta bututu, sai an kai shi daffo a mota ko jirgin ƙasa a haɗa a can.

Abin da ya haɗa sinadaran biyu shi ne, kowannensu yana ɗauke da oksijin a jikinsa. Inji yana bukatar iska kimanin ninki 15 na nauyin man da zai ƙona. Idan iskar ta gaza, kamar yadda yakan faru a lokacin sanyi ko a tsohuwar mota mai kafireta, man ba ya ƙonewa ƙurmus, sai salansa ta fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ke hana jini ɗaukar oksijin. Idan kuwa man ya zo da nasa guzurin oksijin, ƙonewar takan inganta, gubar ta ragu. Wannan shi ne ginshiƙin da aka ɗora dokar a kansa, kuma a kimiyyance ba shi da aibu.

3.0 Abin da Dokar Ta Tanada

Gyaran da aka yi wa Dokar Tsabtace Iska a 1990 ya kafa shiri biyu. Na farko ya fara aiki a 1992, ya shafi biranen da kabon monoksaid ya yi wa yawa, inda aka ce man da za a sayar a lokacin hunturu ya ƙunshi oksijin kashi 2.7 cikin 100 na nauyinsa. Na biyu ya fara a 1995 a yankuna tara da hazon hayaƙi ya fi addaba, irin su Los Anjalis da Niyok da Shikago, inda aka wajabta sayar da gyararren fetur mai oksijin kashi 2 cikin 100 duk tsawon shekara, aka kuma ƙayyade yawan benzin da ke cikinsa.

Dokar ba ta ambaci sunan sinadarin da za a yi amfani da shi ba. Amma kafin a cim ma kashi 2 na oksijin sai an zuba MTBE kimanin kashi 11 cikin 100 na man, kafin a cim ma kashi 2.7 kuwa sai an zuba kashi 15. Da yake shi ne mai araha da sauƙin jigila, shi yawancin kamfanoni suka zaɓa. Ashe ke nan, sinadarin da a da ake ɗiga shi kamar gishiri a miya, dare ɗaya ya zama sama da kashi ɗaya cikin goma na man da miliyoyin motoci ke sha.

4.0 Abin da Ya Biyo Baya

MTBE yana da halaye uku da suka sa ya zama annoba idan ya shiga ƙasa. Yana narkewa a ruwa fiye da ninki 20 na yadda benzin ke narkewa. Ba ya manne wa ƙasa, sai ya bi ruwan ƙarƙashin ƙasa duk inda ya nufa, ya riga sauran sinadaran fetur isa rijiya. Har wa yau, ƙwayoyin halittar da ke cinye man da ya zube ba sa saurin ruɓar da shi. Daɗin daɗawa, ɗan ƙanƙani daga cikinsa ya isa ya sa ruwa wari irin na man goge fenti. A 1997 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba da shawarar kada ya wuce maikurogiram 20 zuwa 40 a lita ɗaya ta ruwan sha, saboda wari da ɗanɗano. In muka lissafa, cokalin shayi ɗaya ya isa ya ɓata ruwa sama da lita 90,000, watau kusan cikin tankar mai uku.

A 1996 birnin Santa Monika a jihar Kalifoniya ya tarar da MTBE a rijiyoyinsa, a wata har ya kai maikurogiram 610 a lita. Tilas aka rufe rijiyoyin da ke ba birnin kimanin rabin ruwan shansa, aka koma sayen ruwa daga waje. A yankin kudancin tafkin Tahoe ma hukumar ruwa ta rufe kusan sulusin rijiyoyinta. A watan Maris na 1999 Gwamna Gray Davis ya ba da umurnin a daina amfani da sinadarin a Kalifoniya, hanin ya fara aiki sosai a farkon 2004, lokaci guda da na jihar Niyok. Sama da jihohi 20 suka hana shi ko suka taƙaita shi. Da Majalisa ta soke sharaɗin oksijin a 2005, ta kuma ƙi ba kamfanoni kariya daga ƙararraki, sai suka daina zuba shi a man cikin gida a 2006.

5.0 Kurakuran Dokar

5.1 Ƙayyade mahaɗi maimakon sakamako

Kuskure na farko shi ne, dokar ta shiga madafa ta ce ga abin da za a zuba a tukunya. Abin da jama'a ke bukata shi ne hayaƙi ya ragu zuwa wani mizani sananne. Da nan dokar ta tsaya, da matatun sun nemi hanyoyi dabam-dabam na cim ma mizanin. Amma da aka rubuta kashi 2 cikin 100 a jikin doka, sai lambar ta daskare alhali fasaha tana gaba. Motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa sama suna da na'urar da ke auna oksijin a hayaƙi ta daidaita mai da iska da kanta, ga kuma na'urar tace hayaƙi. A irin waɗannan motoci amfanin ƙarin oksijin kaɗan ne. Watau dokar ta fi amfanar tsofaffin motoci, waɗanda kullum raguwa suke yi a kan hanya. A 1999 wani kwamitin Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ya bayar da rahoto cewa tasirin ƙarin oksijin wajen rage hazon hayaƙi ƙanƙani ne.

Ba za mu fahimci dalilin nacewa a kan wannan lamba ba sai mun tuna cewa sanatocin jihohin da ake noman masara suna cikin waɗanda suka fi matsa wa sharaɗin, da fatan itanol zai sami kasuwa. Ko da Kalifoniya ta roƙi a ɗauke mata sharaɗin, tana mai cewa matatunta na iya yin man da zai cika mizanin hayaƙi ba tare da shi ba, gwamnatin tarayya ta ƙi a 2001. Dokar lafiya ce a suna, amma akwai hannun kasuwa a cikinta.

5.2 Raba iska da ruwa

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi tsada. An auna sinadarin da ma'auni ɗaya tak, watau abin da yake yi wa iska, sai ka ce fetur ba ya zuba ƙasa. Kuma ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Tun 1980 aka sami MTBE a rijiyar garin Rockaway a jihar New Jersey. A 1986 wasu masu bincike a jihar Maine suka gabatar da takarda a wani taron masana ruwan ƙarƙashin ƙasa, suka bayyana halayen nan da muka ambata, suka ba da shawarar ko dai a daina amfani da shi ko a tsananta kula da inda ake ajiye shi. Shekara huɗu ke nan kafin a zartar da dokar. Ilmin yana nan, amma yana hannun masana ruwa, dokar kuwa masana iska da 'yan siyasa ne suka tsara ta.

5.3 Gaggawa kafin shiri

Kuskure na uku ya shafi tsarin lokaci. Hukumomin Amurka sun san cewa dubban tankunan ƙarfe da ke binne a gidajen mai sun yi tsatsa suna yoyo. Saboda haka ne a 1988 aka fitar da ƙa'idojin gyara su ko canza su, aka ba masu su wa'adi zuwa watan Disamba na 1998. Amma shirin oksijin ya fara a 1992 da 1995. Ke nan an ɗauki shekaru ana ɗura sinadari mai gudu a cikin ruwa a tankunan da gwamnati da kanta ta san ba a gama gyara su ba. Mai hankali yakan liƙe randa kafin ya zuba mata ruwa. Da an jinkirta shirin har a kammala gyaran tankuna, ko da ɓarnar ba ta kau gaba ɗaya ba, da ta ragu ƙwarai.

5.4 Binciken lafiya a bayan aiki

Kuskure na huɗu shi ne, an fara aiki da sinadarin a kan miliyoyin mutane kafin a gama sanin illarsa ga jiki. Da aka fara shirin hunturu a garin Fairbanks na jihar Alaska a ƙarshen 1992, mutane suka yi ta kukan ciwon kai da jiri da tashin zuciya, har gwamnan jihar ya dakatar da shirin a watan Disamba na wannan shekara. Binciken da aka yi daga baya bai yanke hukunci ƙarara a kan waɗannan koke-koke ba. Gwaje-gwajen da aka fi yi a farko kuwa na shaƙa ne, alhali ta ruwan sha matsalar ta ɓullo. An ga alamun ciwon daji a ɓerayen da aka ba sinadarin da yawa, amma a 1999 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Sai a 2025 ta sanya MTBE a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Shekara 46 ke nan bayan fara zuba shi a fetur. Nauyin tabbatar da lafiyar sinadari kamata ya yi ya hau wuyan mai son sayar da shi, tun kafin ya shiga kasuwa.

5.5 Wa zai biya?

Dokar ba ta faɗi wanda zai ɗauki nauyin ɓarna idan ta auku ba, sai aka bar wa kotuna. Kamfanoni suka ce gwamnati ce ta tilasta musu, garuruwa suka ce dokar ba ta ambaci MTBE ba, ku kuka zaɓe shi, kuna sane da halinsa. A 2002 aka sasanta ƙarar hukumar ruwan Tahoe a kan kimanin dala miliyan 69. A 2013 kotu ta yanke wa kamfanin ExxonMobil biyan jihar New Hampshire dala miliyan 236. Amma manyan birane da jihohi ne ke da ƙarfin yin shekaru ana shari'a, mai rijiya a bayan gidansa ba shi da wannan hali.

6.0 Hanzarin Masu Kare Dokar

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu kare dokar sukan ce gyararren fetur ya rage benzin da sauran gubobi a iskar birane, kuma wannan gaskiya ne, benzin kuwa tabbataccen mai jawo sankarar jini ne. Sai dai dokar ta riga ta ƙayyade benzin da kansa, kuma bayan an soke sharaɗin oksijin an ci gaba da sayar da gyararren fetur. Wannan ya nuna ana iya raba amfanin da sharaɗin.

Hanzari na biyu ya fi ƙarfi. Sukan ce laifin tanki ne mai yoyo, domin Tarayyar Turai ba ta hana MTBE ba, ta dai ƙayyade iyakar yawansa ta kuma mai da hankali ga ingancin tankuna. Mun yarda cewa wannan hanya ce mai ma'ana, amma a ganinmu tana ƙara tabbatar da abin da muke faɗa. Turai rufi ta sa, ta ce oksijin kada ya wuce kashi kaza. Amurka kuwa daɓe ta yi, ta ce kada ya gaza kashi kaza. Kuma doka tana aiki ne a ƙasar da aka yi ta, da irin tankunan da ke binne a cikinta a ranar da aka sa mata hannu.

7.0 Itanol: An Tsira?

Dokar 2005 da ta soke sharaɗin oksijin ita ce kuma ta wajabta gauraya fetur da man da ake samu daga tsirrai, aka faɗaɗa wajibcin a 2007. A yau kusan duk fetur ɗin Amurka yana ɗauke da itanol kashi 10 cikin 100. Lalle itanol yana saurin ruɓewa a ƙasa, ba ya yi wa rijiya abin da MTBE ya yi. Amma yana sa fetur saurin tashi ya bi iska, wanda ke taimaka wa hazon hayaƙi a lokacin zafi, yana ƙara wani sinadari mai suna asitaldihaid a hayaƙi, kuma idan ya zube ƙwayoyin halitta sukan fara cinye shi su bar benzin ya yi nisa. Bugu da ƙari, sama da sulusin masarar da Amurka ke nomawa ga itanol take tafiya, da duk abin da hakan ke ci na fili da taki da ruwa, kuma har yanzu masana na jayayya a kan ko ya rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Daga dalma zuwa MTBE zuwa itanol, kowane magani ya zo da tasa cutar, mai gudun gara ya yi ta faɗa wa zago.

8.0 Inda Zancen Ya Shafe Mu

A watan Fabrairu na 2022 hukumar NMDPRA mai kula da rarraba man fetur a Nijeriya ta sanar cewa an sami fetur mai ɗauke da metanol fiye da ƙima a kasuwa. Metanol shi ma ɗan gidan sinadaran nan ne masu oksijin, kuma idan ya yi yawa yana cin roba da wasu ƙarafan inji. Man ya shigo ne a jiragen ruwa huɗu daga tashar Antwerp ta Beljiyam. Motoci suka lalace, aka yi makonni ana dogon layi a Abuja da Legas da sauran birane. Abin lura shi ne bayanin da shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya yi, cewa gwajin da aka saba yi wa mai a tashar lodi da tashar sauke kaya bai ƙunshi auna yawan metanol ba. Abin da ba a aunawa kuwa, ko an rubuta shi a doka, bai da mai tsaro.

Ta fuskar ruwa, halinmu ya fi na Amurka rauni. Mafi yawan mutanenmu daga rijiya da burtsatse suke sha kai tsaye, ba tare da wata hukuma ta gwada ruwan ba, gidajen mai kuma suna cikin unguwanni katanga da katanga da gidajen jama'a. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna cewa a Nisisioken Ogale an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da rijiyoyin garin ke ɗiba, benzin da ke cikin ruwan shan kuma ya ninka mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Tun 2007 Nijeriya ke da manufar gauraya fetur da itanol kashi 10 cikin 100. Duk ranar da za a ɗaga wannan manufa da gaske, tambayoyin da Amurka ta tsallake a 1990 suna nan suna jiran mu.

9.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa sharaɗin oksijin na 1990 ya yi tuntuɓe a wuri biyar: ya ƙayyade mahaɗi maimakon sakamako, ya duba iska ya manta da ruwa, ya riga gyaran tankuna, ya riga binciken lafiya, bai kuma faɗi mai biyan ɓarna ba. Saboda haka muna ba da shawarar cewa, kafin a amince da kowane sinadari a man fetur a ƙasar nan, a zaunar da hukumomin mai da na muhalli da na ruwa da na lafiya a teburi ɗaya. A sa auna metanol da itanol da MTBE a cikin gwajin kowane mai, na waje da na matatun gida. A wajabta gwada tankunan gidajen mai da rijiyoyin da ke maƙwabtaka da su lokaci-lokaci, a kuma rubuta ƙarara cewa wanda tankinsa ya yi yoyo shi zai gyara ruwan. Mu malaman kimiyya a kwalejojin ilmi kuma, wannan tarihi ya cancanci shiga darussanmu, domin ɗalibanmu su saba da bin sinadari har inda zai kwana. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman masana ruwa da ke cikinmu, za su cike gurbin da muka bari.